Koren Martabanin Baba Khalilu

A shekarar da yayana Abdulrauf ya sa mana na'urar sanyaya ɗaki, wadda a nan Madina muke kira mukayyif, a shekarar ne Baba ya fara ciwon cikin da ya ƙi jin magani. Shekarar 1978 ke nan a lissafin Bature. Ina da shekara ashirin da shida, aurena ya mutu na dawo gida, kuma duk unguwarmu, Harra ta Yamma, an san bakina. Ba na musu. Ni mai saurin hawa ce, in na hau kuma sai na ƙona abin da ke gabana kafin in sauko.

Babana Khalilu gyartai ne. A Damagaram ƙwarya yake ɗinkewa. Ya tako da ƙafa shekara huɗu ta Sudan, da ya iso garin Manzo ya tarar babu ƙwarya sai tangaran, wanda mutanen nan ke kira sini saboda daga ƙasar Sin yake zuwa. Wani tsoho ɗan Bukhara ya koya masa ɗinkinsa. Za a haɗa ɓarin, a ɗaure da igiya, a huda 'yan ramuka gefe da gefen tsagar da wani ɗan ƙarfe mai ƙwayar lu'ulu'u a baki, ana murza shi da baka kamar na maharbi. Ramin ba ya ratsawa. Sai a kafa 'yan ƙusoshin tagulla masu ƙafa biyu su riƙe tsagar, sannan a cike wurin da farin ƙulli don kada ruwa ya yi yoyo.

Ƙullin nan ni ke dama shi tun ina da shekara tara. Wata farar hoda ce mai nauyi da yake saye a gwangwani, Larabawa na ce mata isbidaj, a kwaɓa ta da ɗan mai da farin ƙwai. Baba ya ce hannuna ya fi na kowa iya kwaɓin, ni kuwa kaina ya kumbura. Shi kuma da ɗan yatsa yake shafa shi. Ya lasa yatsan, ya shafe, ya sake lasa, ya shafe, daga hantsi har la'asar. Yakan ce har ɗan zaƙi gare shi.

Ba a kawo masa kwano ya fara duba shi da ido. Sai ya ɗora shi a kan yatsu uku ya ɗalle shi da farce, ya kasa kunne.

"Saurara, ya binti," yakan ce mini. "Kwano iri uku ne. Wannan da ya ce ƙwaf, yumɓu ne kawai, ƙanin tukunyar garinmu, wuta kaɗan ya sha. Wannan fari mai zanen shuɗi, ji yadda yake jan kuka. Farar ƙasa ce da niƙaƙƙen dutse, an gasa su har suka narke suka zama abu ɗaya. Ɗaga shi a rana ki ga inuwar yatsunki ta ciki. Shuɗin ma a da can daga ƙasar Farisa ake kai musu shi, su zana, su maido mana da shi a jirgin ruwa ta Jidda. Kin ga wauta irin ta duniya?"

"Na uku fa, Baba?"

"Na ukun ba a ɗalle shi. Shi ke magana da kansa."

Na ukun shi ne koren martabani, farantin da yake cin abinci a ciki. Babba ne, mai zurfi, mai nauyi, launinsa kamar ruwan rijiya in ka leƙa da rana. A ƙarƙashin santsinsa akwai 'yan layuka sirara birjik kamar raga. Wani tsohon alhaji ɗan Sin ne ya bar masa shi tun kafin a haife ni. Tsohon ya kwanta ciwo a bakin rumfar Baba, Baba ya yi jinyarsa kwana goma sha tara har ya cika, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Da guntun Larabci da nunin hannu ya gaya wa Baba cewa farantin ya haura shekara ɗari biyar. An gasa irinsa a wani dogon murhu da ke kwance a jikin tsauni, ana cusa masa itace kwana da kwanaki. Kuma sarakuna na neman irinsa ido rufe, domin in guba ta kusance shi sai ya tsage.

Gaskiya ne yana magana. Yana zaune a kan kanta ba wanda ya taɓa shi, sai ka ji tin, kamar an taɓa kofin shayi da cokali. Baba yakan ce santsin ne ke ci gaba da tsattsagewa, yana tuna wutar da ya sha. Ni dai tun ina ƙarama ba na son zama ni kaɗai a ɗaki da shi.

Abincin da ake zubawa a cikinsa kuwa ba nawa ba ne. Na Khala Fatna ne, maƙwabciyarmu 'yar Abeche, wadda mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba. A ƙofar gidanta take girki tana sayar wa leburori tuwo da miyar kuɓewa, da shi take ci take sha. Tun da mahaifiyarmu Halimatu ta rasu, Khala Fatna ba ta taɓa fashin kawo wa Baba abincin rana ba. Da na dawo gida na ce ni zan karɓi girkin. Baba ya ci nawa kwana biyu, ya ce Allah ya yi mini albarka, amma tuwona ya fi dacewa da cike tsaga. Na yi dariya a fuska, a ciki kuwa na ƙullaci matar.

Ciwon ya fara kamar wasa. Ciki ya murɗa ya saki. Daga baya ya riƙa naɗe shi a kan tabarma yana cizon gefen rawaninsa. Fatarsa ta yi toka-toka. Ya fara mantuwa, har ranar da ya kira ni da sunan mahaifiyata ya tambaye ni ko yara sun ci abinci. Mun ba shi zamzam, mun ba shi habbatus sauda, an yi rubutu ya sha, Abdulrauf ya kawo ƙwayoyi daga kantin magani. Duk kamar ana zuba ruwa a kwando. Na tsorata ƙwarai, don na ga ubana na tafiya a gaban idona, kuma ban san abin da ke jan shi ba.

A wannan bazarar ne martabani ya ƙara baki. Da can sai a yi mako ba a ji shi ba, yanzu kuwa kullum ne. In rana ta take a Harra, baƙaƙen duwatsun nan sun ɗau zafi, titi ya yi tsit ko kyanwa ba ta giftawa, kowa ya rufe ƙofa ya kwanta. A irin lokacin nake zama ina kwaɓa ƙullin gobe. Sai in ji tin daga kan kanta. Kafin in ja numfashi uku sai Baba ya yi nishi daga ɗakinsa. Na ƙirga abin kwana shida a jere, bai saɓa ba ko sau ɗaya. Ranar ta bakwai na juya wa kantar baya, amma ina ji a ƙeyata kamar ana kallona.

Sabuwa, wata maƙwabciyarmu da ba a rasa ta a gidan ciwo da gidan biki, ta zo dubiya. Ta sa Baba ya buɗe baki, ta ja ni gefe.

"Kin ga baƙin layin nan a dasashinsa? Murja, ruwa ba ya tsami banza. Wannan ci ne ake ba shi. Wa ke masa girki?"

Ba ta faɗi suna ba, ba ta kuma bukaci faɗa ba. Na riga na ajiye busasshen itace a zuciyata, ita ashana kawai ta kawo.

Kullum yadda ake yi, Khala Fatna takan ajiye tukunya a rufe, sai Baba ya dawo daga sallar azahar a zuba masa. Ranar nan ban jira ba. Baba ya lallaɓa masallacin unguwa da sanda. Na gama kwaɓin ƙulli, na goge hannu a zanina sama-sama, na sauko da martabani daga kanta. Kantar na ƙarƙashin mukayyif daidai, farantin ya yi sanyi ƙarara. Na rungumo shi na tsaya a bakin ƙofa, inda kowa zai gani.

Ga ta nan tafe, ta riƙo tukunya da tsumma, tururi na tashi.

"Sannu, bitti. Yaya jikin Usta?" Haka take kiran Baba, wato gwanin sana'a.

"Zuba a nan, Khala."

"A tsaye? A titi? Bari mu shiga mana."

"Na ce ki zuba a nan."

Ta dube ni, ta ajiye tukunyar a dakali, ta buɗe, ta ɗebo miya da ludayi ta ɗaga. Farantin da ya shekara ɗari biyar ya ce ƙas, ya rabe gida biyu, rabi a hannun damana, rabi a na hagu.

Abin da na faɗa ranar ba zan maimaita shi duka ba. Na kira ta mayya, na kira ta mai kisa da murmushi, na ce gidanmu take so. Na faɗa da Hausa, na sake faɗa da Larabci don kada wani ya ce bai ji ba. Tagogi suka buɗe. Leburorin da ke jiran abinci a ƙofarta suka miƙe tsaye da kwanukansu. Ita kuwa ba ta rama ba. Ba ta ma dubi fuskata ba, hannuwana ta zuba wa ido, ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta rufe tukunyarta.

"Allah ya ba Usta lafiya," in ji ta. Ta juya ta tafi.

Da Baba ya dawo ya ga ɓarin biyu a kan tabarma, ya zauna a hankali ya shafa bakin tsagar.

"Daga ina kika ɗauko shi?"

"Daga kanta."

"Ƙarƙashin sanyin nan? Kika kai shi ga miya mai tafasa? Murja, shekara nawa kina zaune kusa da ni? Ko dutsen Harra kika yi wa haka sai ya fashe."

"Baba, kai ka ce in guba ta kusance shi..."

"Na ce haka tsohon alhajin ya ce. Tashi ki je ki ba ta haƙuri."

Ban je ba. Na ce ciwo ne ya taɓa masa hankali. Shi da kansa ya ja jiki ya je ƙofarta, amma magana zarar bunu ce. Washegari mutum uku suka sayi abincinta, jibi ko ɗaya. Ta riƙa girkawa tana zama a gaban tukunya har la'asar, ƙuda ne kawai ke zuwa. Bayan mako biyu na ga an ɗora tukwanenta da katifa a bayan wata motar ɗaukar kaya. Aka ce ta tafi Badar za ta yi wa masu aikin dabino girki. Na ce a raina an rabu da ƙaya.

Na karɓi girki, ko ruwa ba ya sha sai daga hannuna. Da yake ba ya iya zuwa rumfa, aka riƙa kawo masa aiki gida, ni kuma na dage da kwaɓin ƙulli safe da yamma don in faranta masa. Ina jiran ya warke. Sai ciwon ya ci gaba kamar ba a kori kowa ba. Ɓarin martabani biyu na naɗe a tsumma a cikin akwati, amma in rana ta take sai in ji su daga can ciki, tin, sannan nishin Baba.

Wata safiya ya miƙa hannu zai ɗauki bakansa na huda, hannun daman ya lanƙwashe daga wuyansa ya rataya kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya yi ta ƙoƙarin ɗaga shi, ya ƙi. Abdulrauf ya zo ya gani. Shi haihuwar nan ne kamar ni, amma ka yi masa Hausa ya amsa da Larabci.

"Khalas, ya abuya," ya ce. "Mustashfa. Yau, ba gobe ba."

Likitan da muka samu a asibiti wani ɗan Sudan ne mai furfura, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya duba hannun, ya ɗaga leɓen Baba ya ga baƙin layin da Sabuwa ta gani. Bai tambayi wa ke girki ba. Ya tambayi sana'arsa. Baba ya yi bayani, har da nuna yadda yake lasar yatsa. Likitan ya ajiye alƙalami ya ce a kawo masa gwangwanin. Abdulrauf ya koma da mota ya ɗauko.

"Wannan rasas ne, ya Hajj. Dalma. Shekara nawa kana lasa?"

"Talatin da wani abu."

"Guba ce, kaɗan-kaɗan take taruwa a jiki. Wa ke kwaɓa maka?"

Baba ya dubi bango.

"Ni ce," na ce.

Ya karɓi hannuna ya juya shi, ya dubi farin da ya maƙale a ƙarƙashin faratana. Ya ce ni ma sai an ɗebi jinina.

Sun riƙe Baba wata guda. Cikin ya lafa, hankalinsa ya dawo, amma hannun bai dawo ba. Bai taɓa ce mini ga abin da kika yi ba, kuma wannan shirun ya fi mini duka ciwo. Ranar da ya cika mako da dawowa gida ya ce in buɗe akwati.

"Ni na gama ɗinki. Ke za ki ɗinke farantin, ki kai wa Fatna."

Kwana tara na yi a kansa. Martabani tauri gare shi, bakin lu'ulu'un sai ya yi ta zamewa a kan santsin. Baba na gefe yana cewa sassauta, karkata, tsaya haka kada ki ratsa. Ƙusa goma sha ɗaya na kafa, huɗu a karkace. Ba mu sa ƙulli ba. Ya ce a bar shi ya yi yoyo, ya fi. Duk kwanakin nan tara farantin bai yi ko tin ɗaya ba, kuma shirunsa ya fi maganarsa tayar mini da tsigar jiki.

Abdulrauf ya kai ni Badar ranar wata Alhamis. Tun daga Madina nake haɗa kalmomin da zan faɗa, ni da ban saba ba da haƙuri ba. Muka yi ta tambaya gona-gona har aka nuna mana wani dattijo Bahaushe, Balarabe, mai kula da masu hawan dabino. Na ce ina neman Fatna 'yar Abeche.

"Allah ya jiƙanta," in ji shi. "Zazzaɓi ne, kwana huɗu, a watan Rajab. Ke 'yarta ce?"

Na ce a'a.

"Mace mai hannu a girki. Sai dai wani hali gare ta da ban gane ba. Ba ta taɓa zuba wa mutum abinci ba sai ta fara ɗiba ta ci a gabansa, ko da yaro ne. Mun ce ta bari, mun yarda da ita, ta ƙi. Kin san dalili?"

Na san dalili. Na tsaya da faranti a naɗe a ƙirjina. Ya nuna mini inda aka binne ta daga nesa, babu wata alama sai duwatsu biyu. Na dawo da martabani gida.

Baba ya ƙara shekara uku ya rasu. Har ya koma ga Allah yana gaya wa mutane cewa sanyin mukayyif da zafin miya ne suka fasa farantin, kuma 'yarsa kuskure ta yi irin na mai tsoro. Abdulrauf ma haka yake faɗa. Ni ma haka na riƙa faɗa, don magana ce mai kama hankali, kowa ya ji sai ya gyaɗa kai.

Amma ni ce na riƙe shi, kuma na san abin da na gani. Da na tattara ɓarin biyu ranar nan na shiga da su ɗaki, a bushe suke ƙayau. Ko ɗigon miya babu a jikinsu. Ludayin na sama a hannun Khala Fatna, ba ta kai ga karkata shi ba. Abin da ke jikin koren santsin kawai shi ne shatin yatsuna, farare, huɗu a wannan gefe, huɗu a wancan. Su ta tsaya tana kallo. Na goge su da gefen zanina kafin Baba ya dawo daga masallaci.

Martabani yana nan a kan kanta har yau da ƙusoshinsa goma sha ɗaya. 'Ya'yan Abdulrauf na ɗaukarsa su juya shi, su ɗalle shi, ba ya ce musu komai. Ni kuwa na wanke hannuwan nan da sabulu iri-iri shekara da shekaru, amma ban taɓa miƙa su wajen kantar ba tare da na ji tin ba.